Iyakar baƙin rami a sarari mai fuskoki da yawa

Baƙin rami wuri ne a sararin samaniya da ƙarfin jansa ya kai ko haske ya shiga ba ya fita. Yana da iyaka, wadda duk abin da ya tsallaka ta ya tafi ke nan. A ka'idar Albert Einstein ta 1915 sarari yana da fuskoki huɗu: tsawo da faɗi da zurfi da lokaci. Sai dai lissafin bai hana a ƙara su ba, kuma masana suna yi wa adadinsu laƙabi da D. A 1963 Frank Tangherlini ya fitar da siffar baƙin rami a kowane D.

A Jami'ar New York, Gia Dvali da Gregory Gabadadze da Massimo Porrati sun nuna a 2000 yadda duniya mai fuska huɗu za ta iya zama shimfiɗe cikin sarari mai biyar. Su fuska ɗaya suka ƙara. Roberto Emparan da Ryotaku Suzuki da Kentaro Tanabe kuwa, a 2013, sai suka bar D ya yi ta hauhawa ba iyaka.

Yawan fuskoki yana sa ƙarfin ja ya dushe da sauri idan an nisanci ramin. Idan D ya yi yawa ƙwarai, ƙarfin duka sai ya tattaru a wani siririn ɓawo da ke lulluɓe da iyakar, kaurinsa kimanin kashi ɗaya cikin D na girman ramin. Can waje shiru. Da haka lissafin Einstein mai wuya yake komawa na motsin wannan ɓawo kaɗai, wanda idan ya natsu yakan bi doka irin ta fatar kumfar sabulu. Sayantani Bhattacharyya da Shiraz Minwalla da abokansu a Indiya sun tsara lissafin motsinsa a 2015.

Ba wai ana da'awar duniya tana da fuskoki dubu ba ne. Dabarar sauƙaƙa aiki ce. Amfaninta ya fito fili a batun baƙin rami mai siffar igiya, wanda Ruth Gregory da Raymond Laflamme suka gano a 1993 cewa ba ya zama daram. A fuska biyar igiyar kan tsuke har ta kama hanyar tsinkewa. A babban D kuwa sai ta yi kumburi nan da can ta tsaya. Tun 2004 Evgeny Sorkin ya gano cewa halinta yana sauyawa tsakanin fuska 13 da 14.