Daga Faifai Zuwa Fayil: Tarihin Akwatin Waƙa Na Gida

Ga rubutun shirinmu na wannan mako, saboda waɗanda data ba ta bari sun saurara ba.

Wani ɗan'uwa ne ya turo tambaya. Ya ce mahaifinsa ya rasu ya bar kwali biyu cike da faifan CD, wasu na mawaƙan gargajiya, wasu na Indiya, wasu na Turawa da ya sayo lokacin da yake karatu a waje. Yana so ya sayi na'urar da za ta kwashe waƙoƙin nan gaba ɗaya ta adana, ta yadda kowa a gidan zai iya kunnawa daga wayarsa. Wacce zai saya? Allah ya jiƙan baba. Amma ɗan'uwa, kafin in ambaci sunan wani kamfani, bari mu bi tarihin abin, domin mutane da yawa sun riga ka yin wannan sayayya, kuma abin da ya same su shi ne amsar tambayarka.

Mu fara daga watan Oktoba na 1982 a Japan, lokacin da kamfanin Sony ya fito da na'urar kunna CD ta farko a kasuwa, mai suna CDP-101. Shekara biyu kafin nan, a 1980, Sony da kamfanin Philips na ƙasar Holan sun zauna sun amince da ƙa'idojin faifan a wani kundi da ake kira Jan Littafi. Faɗin faifai santimita 12, tsawon sauti minti 74. Akwai labarin da ake yawan bayarwa cewa an zaɓi minti 74 ne don kiɗan Beethoven na tara ya shiga faifai guda. Labarin na da daɗi, amma Kees Immink, ɗaya daga cikin injiniyoyin Philips da suka yi aikin, ya nuna cewa gasar kasuwa tsakanin kamfanonin biyu ta fi Beethoven tasiri a wannan lissafi.

Abin da ke cikin faifan lambobi ne zalla. Ana auna sautin sau 44,100 a kowace daƙiƙa, ɓangaren dama daban, na hagu daban, a rubuta. In ka tara, minti guda na waƙa yana cin kusan megabait 10. To ku riƙe wannan: kwamfutar IBM da ta fito a 1983, wadda ake ji da ita a ofisoshi, duk rumbun ajiyarta megabait 10 ne. Wato minti ɗaya na waƙa ya cika ta fal. Shi ya sa masu ƙirƙirar CD ba su sa masa wani makulli na kirki ba. Wa zai sa wa Dutsen Dala kwaɗo don kada a sace shi? Nauyin kayan shi ne mai gadinsa.

Sai rumbunan kwamfuta suka yi ta girma suna araha, sannan Jamusawa suka zo da abin da ya rage nauyin. A cibiyar bincike ta Fraunhofer da ke garin Erlangen, Karlheinz Brandenburg da abokan aikinsa sun yi shekaru suna nazarin abin da kunnen ɗan'adam ke ji da wanda ba ya ji. Misali in an buga ganga da ƙarfi, ƙaramin sautin da ke kusa da ita ɓacewa yake a kunne. Suka ce to a zubar da shi mana. Sakamakon shi ne MP3, wanda ya samu wannan suna a watan Yuli na 1995, kuma yana iya mayar da waƙa kusan kashi ɗaya cikin goma sha ɗaya na girmanta. Daga nan abubuwa suka rikice da sauri: Winamp a 1997, Napster a 1999 inda matasa ke musayar waƙoƙi kyauta har kotu ta sa aka rufe shi a 2001, sai iPod a ƙarshen wannan shekarar, da gigabait 5 da alƙawarin waƙa dubu a aljihu. Kamfanonin waƙa suka firgita. A 2005 Sony BMG ya kai ga sayar da faifan da ke dasa ɓoyayyiyar manhaja a kwamfutar duk wanda ya saka shi, don hana kwafa. Wani masani, Mark Russinovich, ya bankaɗo abin, aka yi ta shari'a, kamfanin ya janye faifan daga kasuwa.

Yanzu mu zo kan abin da ya fi shafar mai tambaya, wato kwashe waƙa daga faifai zuwa fayil. Ni ina kiransa tatsa, domin da tatsar ya fi kama. Mutane na ɗauka kamar tura hoto ne daga waya zuwa waya. Ba haka ba ne. An ƙera faifan sauti ne don a kunna shi a saurara, ba a tsaya ba. In hasken leza ya ci karo da ƙarzuwa, na'urar na ƙoƙarin gyarawa, in ta kasa sai ta duba lambar da ke gaba da ta baya ta yi kintace ta wuce, kai ba ka ma ji ba. A wajen sauraro wannan dabara ce mai kyau. A wajen adanawa kuwa matsala ce, domin kintacen nan zai zauna a fayil ɗinka har abada, wani lokaci ma da ƙaras-ƙaras a tsakiyar waƙa. A 1998 wani ɗalibi Bajamushe, Andre Wiethoff, ya rubuta manhajar Exact Audio Copy, wadda ke karanta kowane gurbi fiye da sau ɗaya, tana kwatantawa, in ba su yi daidai ba ta sake komawa. Daga baya aka samu AccurateRip, inda ake gwada sakamakon tatsarka da na sauran mutanen duniya da suka tatsi irin faifan. In naka ya yi daidai da na mutum ashirin da ba su san juna ba, ka san ka samu na gaskiya. Duk na'urar da ba ta yin irin wannan bincike, a ganina, ba ta cancanci kuɗinka ba komai kyan fuskarta.

Bayan an tatsa, a wace ƙwarya za a zuba? Nan ne mutanen farko suka sha wahala. Waɗanda suka tatsi ɗaruruwan faifai zuwa MP3 a wajajen 2000, saboda ƙarancin wuri, da yawansu sun dawo sun sake aikin daga farko bayan wasu shekaru, domin abin da MP3 ya zubar ba ya dawowa. A 2001 Josh Coalson ya fitar da FLAC, wanda ke matse fayil ya koma kusan rabi ba tare da an yar da ko lamba ɗaya ba, kuma ba mallakin wani kamfani ba ne, kowa na iya amfani da shi kyauta. Daga FLAC kana iya fitar da MP3 don waya duk ranar da ka so. Daga MP3 ba ka iya komawa. Lissafin wuri kuma yanzu ba abin tsoro ba ne: faifai guda a FLAC na cin wajen megabait 300 zuwa 400, wato faifai 500 ba za su wuce gigabait 200 ba.

Akwai wani abu da zai ba ku mamaki. Faifan CD na asali bai san sunan waƙoƙin da ke cikinsa ba. Abin da ya sani kawai shi ne waƙa nawa ce, kuma ina kowace ta fara. A shekarun 1990 wasu mutum biyu, Ti Kan da Steve Scherf, suka lura cewa da wuya faifai biyu su zo da adadin waƙoƙi da tsawonsu iri ɗaya sak, don haka wannan jeri na iya zama kamar zanen yatsa. Suka kafa rumbun bayanai mai suna CDDB, jama'a daga ko'ina suka riƙa shigar da sunayen kundi da na waƙoƙi da hannunsu, kyauta, don amfanin kowa. Sai aka sayar da rumbun ga kamfani a 1998, ya koma Gracenote, aka fara gindaya sharuɗɗa da kuɗin lasisi a kan aikin da mutane suka yi don Allah. Waɗanda abin ya ɓata wa rai suka kafa freedb da MusicBrainz. A 2008 Sony ya sayi Gracenote a kan dala miliyan 260. Shi freedb an rufe shi a 2020, MusicBrainz kuwa na nan har yau a hannun wata gidauniya.

Me ya sa na tsaya a nan? Saboda a kwalin mai tambaya, faifan Turawa za su fito da sunayensu da hoton bango cikin daƙiƙa kaɗan. Na Shata da Ɗanƙwairo da Ɗan Maraya kuwa, waɗanda yawanci 'yan kasuwa ne suka kwaso daga kaset suka ɗora a faifai, kowa da irin jerinsa, da wuya wani rumbu ya gane su. Za ka ga waƙa ta 1, waƙa ta 2, shi ke nan. Kai ne za ka zauna ka rubuta, wataƙila ma sai ka kira wani dattijo a gidan ya saurara ya gaya maka wace waƙa ce, wa aka yi wa ita. Don haka dole na'urar ta ba ka damar gyara suna cikin sauƙi, kuma ta rubuta sunan a cikin fayil ɗin kansa. Wasu na'urori a nasu littafin suke ajiye sunayen, ranar da ka kwashe fayilolin zuwa wani wuri sai ka tarar duk wahalarka ta tsaya a baya. Sannan a duba da kyau: faifai da yawa da aka saya a kasuwanninmu, irin su Ƙofar Wambai a Kano, ba faifan sauti ba ne, MP3 ne aka zuba a ciki, wasu kuma na bidiyo ne. In ka ga faifai guda da waƙa ɗari, MP3 ne. Wannan kwafarsa kawai za ka yi yadda yake, mayar da shi FLAC ba zai ƙara masa komai ba sai nauyi.

To su akwatunan fa? Abin da ake nufi da uwar garke ta waƙa shi ne 'yar kwamfuta mai rumbu da ke zaune a gida, tana raba waƙa ga wayoyi da sifiku ta hanyar wayfai. Labari biyu sun ishe mu. Wani ƙaramin kamfani a Amurka, Slim Devices, ya fito da SliMP3 a 2001, sannan Squeezebox a 2003. Manhajar da ke tafiyar da su a buɗe take, kowa na iya dubawa ya gyara. Logitech ya sayi kamfanin a 2006, ya daina ƙera na'urorin a 2012. A ƙa'ida da an yi jana'iza. Amma da yake manhajar na hannun jama'a, masu sha'awa suka ci gaba da kula da ita, yau sunanta Lyrion, kuma akwatunan da suka haura shekara goma sha biyar na nan suna kiɗa. Ɗaya labarin na Sonos ne, wanda kayansa ke da daɗin amfani ƙwarai amma komai a rufe. A watan Janairu na 2020 ya sanar cewa tsofaffin na'urorinsa za su daina samun sabuntawa, masu su suka yi ca, har shugaban kamfanin ya fito ya ba da haƙuri. Mai cewa a ɗora komai a intanet a huta, shi ma ya tuna Google Play Music, wanda ya bar mutane su ɗora waƙoƙinsu har 50,000, sannan aka rufe shi a ƙarshen 2020.

A kasuwa yau akwai akwatunan da ke yin komai da kansu, ka zura faifai su tatsa su tofo shi, irin su Brennan na Ingila, da Bluesound Vault, da Innuos. Suna da sauƙi, suna da tsada, kuma in sun lalace a nan mai gyara sai an tona. Ni dai da ni ne, tsohuwar laftof zan nema mai wurin saka faifai, ko in sayi abin karanta faifai na USB, in tatsa da Exact Audio Copy zuwa FLAC, in sa manhaja irin Lyrion ko Jellyfin ta raba wa gida. Laftof na da wata fa'ida da Bature ba zai damu da ita ba: batirinta. Ɗaukewar wuta a tsakiyar rubutu na cikin abubuwan da ke lalata rumbu. Mai son abin da ba ya shan wuta kuma ya duba Raspberry Pi, 'yar kwamfutar da ta fito a 2012, tafin hannu ta fi ta girma kaɗan ko ma ta yi daidai da shi, ƙaramar sola na riƙe ta. In kuma akwatin kamfani ka fi so, ka yi wa mai sayarwa tambaya guda kafin ka biya: in na'urar nan ta mutu gobe, zan iya kwashe fayilolina in buɗe su a kowace kwamfuta? In ya fara kame-kame, ka kama hanya. Kowanne ka zaɓa, ka sayi rumbu na biyu ka kwafe komai, ka kai shi gidan wata 'yar'uwa ko ɗan'uwa ya zauna can.

Kuma kada a yi jinkiri, domin faifai na tsufa. Ko na masana'anta bai tsira ba: waɗanda wata masana'anta ta buga a garin Blackburn na Ingila tsakanin 1988 da 1993 sun riƙa rikiɗewa zuwa launin tagulla suna daina karantuwa. Wanda aka ƙona a kwamfuta ya fi rauni, domin rubutunsa a kan wani rini yake, zafi da hasken rana na cinye shi a hankali. Ka juya faifan ka duba bayansa. In ka ga kore-kore ko shuɗi-shuɗi, ƙonanne ne, kuma mafi yawan na mawaƙanmu a wannan rukuni za ka same su. Da su za ka fara, na Turawa su jira, ai ana samunsu a wani wuri. In faifai ya yi datti, ƙyalle mai laushi za ka sa, ka goge daga tsakiya zuwa baki, ba zagaye ba.

A shiri na gaba in Allah ya kai mu za mu taɓa kaset, da yadda ake kwashe sautinsa kafin zaren ya tsinke. Mai tambaya ya ajiye ta a ƙasa. Sai mun haɗu, a huta lafiya.