Dare Ɗaya da Kwana Biyu: Laimar Kwaɗin Mekziko da Zaƙamin Ƙasar Hausa

Duk wanda ya tashi a ƙasar Daura, ko a Babban Mutum ne can bakin iyakar Nijar, ko a Baure, ko a Zango, ya san wani tsiro da ba a shuka shi, ba a kuma yi masa ban-ruwa. Da zarar damina ta kankama sai ka gan shi a kan juji, ko a kango, ko a gefen turken shanu, da faffaɗan ganye da dogon farin fure mai kama da bakin kakaki, ga 'ya'ya masu ƙaya kamar bushiya ta dunƙule. Ko awaki, da ba su cika raina ganye ba, ratse shi suke yi. Sunansa zaƙami. Wasu na ce masa babba-juji saboda inda yake fitowa. Sai kuma sunan da ya fi kowanne tona halinsa: haukata-yaro.

A 'yan shekarun nan labari na ta zuwa daga Amurka da Turai cewa likitocin ƙwaƙwalwa suna gwada wata irin laimar kwaɗi, wadda wasu ke kira naman kaza, wajen maganin ciwon damuwa mai tsanani. Laima ce da idan an ci take juya wa mutum gani da ji da tunani. Bahaushen da ya karanta labarin yana iya cewa, ai mu ma muna da namu a kan juji. Wannan kwatance kuskure ne, kuma irin kuskuren da kan ci rai. Kama da wane ba ta wane. Hanya mafi sauƙi ta gane bambancin ita ce tambaya biyu: tsawon wane lokaci abin yake riƙe mutum, kuma idan ya sake shi me yake tunawa? Amsar waɗannan tambayoyi ita ta raba tarihin abubuwan biyu.

Daren Huautla

Lokacin da Sifaniyawa suka ci daular Aztek da yaƙi a 1521, sun tarar mutanen ƙasar na cin wata laima a wuraren bauta da bukukuwa, suna kiranta teonanácatl. Wani malamin coci, Bernardino de Sahagún, ya rubuta bayaninta a ƙarni na 16. Cocin ta ɗauki abin tsafi ne, ta yaƙe shi, sai al'adar ta noƙe zuwa ƙauyukan kan duwatsu, ana yi cikin dare a ɓoye har kusan shekara 400.

A daren 29 ga Yuni 1955, wani babban ma'aikacin bankin J.P. Morgan da ke New York, R. Gordon Wasson, ya samu shiga irin wannan zama a garin Huautla de Jiménez, a jihar Oaxaca ta ƙasar Mekziko. Wadda ta jagoranci zaman wata mai magani ce 'yar ƙabilar Mazatek, María Sabina. A wurinta abin ba na shaƙatawa ba ne. Akan taru ne bayan duhu saboda mara lafiya, tana addu'o'i da waƙe har gabanin asuba, gari na wayewa kowa ya dawo hayyacinsa ya tafi gona.

Wasson ya buga labarin a mujallar Life ta 13 ga Mayu 1957. Ya sakaya sunanta, amma ba a daɗe ba aka gano garin. Samarin Amurka da Turai suka yi ta kwararowa, 'yan sanda suka biyo sawunsu, mutanen gari suka ɗora mata laifi, har aka ƙone mata gida. Ta rasu a 1985 cikin talauci, bayan ta bayyana cewa tun da baƙi suka zo laimar ta rasa tsarkinta da ƙarfinta.

Ta ɓangaren kimiyya kuwa, Bafaranshen masani Roger Heim ya raini laimar a birnin Paris, ya aika wa Albert Hofmann na kamfanin magunguna na Sandoz a Basel, ƙasar Siwizalan. A 1958 Hofmann ya ware sinadarin da ke aikin, ya sa masa suna silosaibin. Daga 1960 Timothy Leary ya fara gwaji da shi a Jami'ar Harvard, gwajin ya wuce gona da iri, jami'ar ta sallame shi a 1963. Amurka ta sa sinadarin cikin rukunin da aka fi tsananta haramcinsa a 1970, sannan yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya da aka ƙulla a Biyana a 1971 ta yi hakan a duniya baki ɗaya. Bincike ya kwanta kusan shekara 30.

Abin da awa shida ta ƙunsa

Nau'in laimar da ke ɗauke da silosaibin ya haura 100. Idan an ci, jiki yana mayar da sinadarin zuwa silosin, wanda ƙirarsa ta yi kama da sirotonin, ɗaya daga cikin 'yan saƙon da ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ke aika wa juna. Saboda wannan kama sai ya zauna a mazaunin sirotonin ya dagula yadda ake tace saƙo.

Abin yakan fara cikin minti 20 zuwa 40, da tashin zuciya, da hamma, da buɗewar ƙwayar ido. Yakan kai ƙololuwa tsakanin awa ɗaya da awa biyu: launuka su ƙara kaifi, bango ya yi kamar yana numfashi, minti biyar ya zama kamar wuni. Wani yakan cika da farin ciki ko kuka, wani kuma tsoro ya rufe shi har ya ga kamar mutuwa zai yi. Bugun zuciya da hawan jini sukan ɗan ƙaru. Tsakanin awa 4 zuwa 6 abin yakan lafa. Yawanci mutum ya san cewa abin da ya ci ne ke juya shi, yana iya gane na kusa da shi, kuma washegari yana tuna abin da ya gani.

Wannan ƙayyadadden lokaci shi ya sa María Sabina ta iya tsara zamanta cikin dare ɗaya, shi ne kuma ya sa likita zai iya tsara nasa cikin wuni ɗaya. Da Roland Griffiths da abokan aikinsa na Jami'ar Johns Hopkins suka farfaɗo da binciken a 2006, sun zaɓi mutanen da aka tantance lafiyarsu, aka ba su sinadari tsantsa a kan awo, da masu kula suna zaune a gefe har yamma. A 2020 masu zaɓe a jihar Oregon suka amince a buɗe cibiyoyin amfani da shi ƙarƙashin kulawa. Daga 1 ga Yuli 2023 Ostireliya ta yarda wasu likitocin ƙwaƙwalwa masu izini na musamman su ba da shi ga masu ciwon damuwar da ya ƙi jin sauran magunguna.

Kada a ɗauka laimar ba ta da illa. Tana iya tayar da taɓin hankali ga wanda ciwon ke cikin danginsa, kuma wanda tsoro ya kama yana iya faɗawa rijiya ko gaban mota. Mafi muni shi ne kuskuren tsinka: akwai laimar kwaɗi mai dafi da ke lalata hanta, wadda alamunta ba sa bayyana sai bayan awa 6 zuwa 24, lokacin da aikin gama ya gama.

Kwanakin zaƙami

Masana tsirrai na kiran zaƙami Datura metel, sunan da Linnaeus ya sa masa a 1753. Kashin farko na sunan daga Indiya ya fito, na biyun kuma daga sunan da likitocin Larabawa suka san shi da shi, jauz masal. Likitan nan ɗan Sikotlan, J. M. Dalziel, da ya yi aiki a Arewacin Nijeriya farkon zamanin Turawa, ya sa shi cikin ƙamusunsa na sunayen tsirrai da Hausa da aka buga a 1916. Ke nan kakanninmu sun san shi sarai tun kafin sholisho da kodin su shigo gari. Masu magani sun yi amfani da shi da taka-tsantsan, an kuma daɗe da rubuta cewa samarin Fulani kan sha shi kafin shiga filin sharo domin su jure bulala ba tare da ƙifta ido ba.

Zaƙami na ɗauke da sinadarai uku: atirofin, hayosiyamin da sikofolamin. Su ba kwaikwayon ɗan saƙo suke yi ba, toshe masa hanya suke yi. Ɗan saƙon da suke tarewa, asetilkolin, shi ne ke kula da miyau, da gumi, da motsin hanji, da fitsari, da saurin zuciya, da kuma ajiye sabon abu a ƙwaƙwalwa. Don haka wanda ya sha zaƙami bakinsa ke bushewa ƙamas, jikinsa ya yi zafi ba gumi, ƙwayar idonsa ta buɗe har ya kasa kallon haske, zuciya ta yi ta lugude, fitsari ya ƙi fita. Sannan sai sambatu. Zai yi hira da mutanen da ba su nan, ya yi ta tsintar abin da babu a jikin riga, ya tuɓe a bainar jama'a, ya kasa gane mahaifiyarsa. Bai san yana cikin maye ba, shi a wurinsa duk gaskiya ne.

Alamun kan fara cikin minti 30 zuwa 60, su ɗauki awa 24 zuwa 48, wani lokaci fiye da haka, domin dafin na tsayar da hanji, sai ya rage saurin fitar kansa daga jiki. Ido kan yi kwanaki bai daidaita ba. Ƙarfin dafin kuma ya sha bamban daga wannan tsiro zuwa wancan, shi ya sa abin da ya bar wani da rai yake kashe wani. Idan mutum ya farfaɗo, yawanci ba ya tuna komai.

Wannan mantuwa ita ce ta rubuta tarihin zaƙami a duniya. A 1676 wasu sojojin Ingila da aka tura Jamestown ta Amurka don murƙushe tawaye suka dafa ganyen wani ɗan'uwan zaƙami suka ci. Marubucin tarihi Robert Beverley ya ruwaito a 1705 cewa sun yi kwana 11 suna shirme, aka tsare su don kada su halaka kansu, da suka warke babu wanda ya tuna abin da ya faru. A Indiya ta ƙarni na 19 an san ɓarayin da ke zuba 'ya'yansa cikin abincin matafiya su kwashe musu kaya. A farkon ƙarni na 20 likitocin Freiburg a Jamus sun riƙa haɗa sikofolamin da mofin ga mata masu naƙuda, matan na shan wahalarsu amma ba sa tunawa. A 1922 wani likita a Texas, Robert House, ya ba da shawarar a riƙa yi wa waɗanda ake tuhuma allurarsa wai don su faɗi gaskiya. Barkwancin banzan da ake yi a wasu bukukuwanmu, na zuba zaƙami cikin zoɓo ko kunu, daga wannan dangi yake: abu ne da aka fi yi wa mutum fiye da yadda yake yi wa kansa.

Likitanci bai yar da waɗannan sinadarai ba, ladabtar da su ya yi. Atirofin na cikin ɗigon da likitan ido ke buɗe ƙwayar ido da shi. Buscopan, da ake sha don murɗar ciki, daga sikofolamin aka samo shi, bayan an sauya masa ƙira yadda da wuya ya kai ga ƙwaƙwalwa.

Malamai da hukuma

Malamanmu na mazhabar Malikiyya sun riga mu rarrabe irin waɗannan abubuwa. Al-Ƙarafi, wanda ya rasu a Masar a 1285, ya raba masu gusar da hankali gida uku a littafinsa Al-Furuƙ: mai sa maye tare da nishaɗi, kamar giya, mai dagula hankali ba tare da nishaɗi ba, da mai kwantar da mutum har ya daina ji da gani. A rukuni na biyu ya kawo misalin banju, wanda ɗan gida ɗaya ne da zaƙami. Abin lura shi ne, da aikin abu a jikin mutum ya auna shi.

Dokar zamani ba ta bi wannan ma'auni ba. Silosaibin na cikin jeri mafi tsanani na yarjejeniyar 1971, amma zaƙami ba ya cikin jerin kwata-kwata. Nijeriya ta kafa hukumar NDLEA a 1989, kuma binciken da hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta yi tare da Majalisar Ɗinkin Duniya a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 ne suka yi ta'ammali da miyagun ƙwayoyi cikin shekara guda. Jami'an kan iyaka a Babban Mutum na iya tare mota su zazzage katan-katan na taramol. Babu shingen da zai tare abin da ke tsirowa da kansa a bayan katanga.

Saboda haka tsaron zaƙami yana hannun gida da unguwa. A tuge shi daga juji kafin ya yi 'ya'ya, a nuna wa yara shi da sunansa. Idan kuma yaro ya dawo daga biki ko daga kiwo yana sambatu, jiki zafi ba gumi, baki a bushe, ƙwayar ido a buɗe, kada a tsaya ana cewa iska ce ko a jira ya sake shi da safe. A sanyaya masa jiki da ruwa, kada a ɗura masa komai a baki, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi asibiti mafi kusa, a kuma tafi da ragowar abin da ya sha domin likita ya gani.