Musayar Ɗinki Tsakanin Maɗinka: Waiwaye a Kan Tarihin Allura da Zare a Ƙasar Hausa

Gabatarwa

Duk lokacin da aka tayar da zancen tarihin ƙasar Hausa, abin da ya fi saurin faɗowa a ran mutane shi ne yaƙe-yaƙe da sarauta da fatauci. Ba kasafai ake tunawa da allura ba, alhali kuwa sarkin da ake ba da labarinsa da attajirin da ake yabo duk a cikin aikin allura suke fita bainar jama'a. Wannan maƙala za ta duba wani ɗan ɓangare ne na tarihin ɗinkin hannu, wato yadda maɗinka suka riƙa musayar aikinsu da zane-zanensu a tsakaninsu. Dalilin zaɓar wannan ɓangare shi ne, a da can babu makarantar koyon aikin riga, babu kuma littafin da aka tattara zane a ciki. To, ta yaya aska takwas ɗin da aka ɗinka a Bida ta yi kama da wadda aka ɗinka a Kano ko Zariya ko Katsina? Amsar tana cikin musaya, kuma ita za mu bi diddiginta.

Kayan Aiki da Rabon Aiki

Kafin mu shiga zancen musaya, ya kamata mai karatu ya san cewa babbar riga ba aikin mutum ɗaya ba ce. Mata ne ke gurzar auduga su kaɗa zare. Masaƙa su saƙa shi siri-siri, marina su rina, maɗinki ya harhaɗa. Daga nan sai mai zane ya ɗauki alƙalami da tawada ya zana fasalin aikin a kan aljihu da wuya da baya, sa'an nan mai aiki ya bi zanen da allura, a ƙarshe a kai wa mabuga su buge ta ta yi ƙyalli. Riga ɗaya mai cikakken aiki takan ci watanni a hannun mai ɗinki.

Zaren da aka fi daraja a wancan zamani iri biyu ne. Akwai tsamiya, wadda ake samu daga saƙar wata tsutsa da ke yin gida a jikin itatuwa, musamman itacen tsamiya, a dafa ta da toka a kaɗa. Akwai kuma alharini, jan siliki da fatake ke ƙetaro hamada da shi daga Tarabulus ta Gadamas. Tufafin da ake yi wa aikin sun haɗa da saƙi da barage da farin saƙa. Kowane ɓangare na zanen kuma da sunansa: aska biyu, aska takwas, tambari, gidan biyar, dagi, linzami. Tun daga wannan rabon aiki za a ga cewa riga takan ratsa hannuwa da yawa kafin ta hau wuyan mai ita, kuma duk hannun da ta bi sai ido ya ɗauki wani abu daga gare ta.

Rigar Kyauta a Daular Sakkwato

Bayan jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo wanda aka fara a 1804, garuruwa da yawa da a da ke gaba da juna suka koma ƙarƙashin tuta ɗaya, tun daga Katsina da Kano har Nufe da Ilori da Adamawa. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya yi mulki daga 1817 zuwa 1837, ya ƙarfafa wa masu sana'a gwiwa su zauna a sababbin garuruwa da ribaɗoɗi. A wannan zamani riga ta zama wani harshe na mulki. Tufafi na daga cikin gaisuwar da sarakuna ke aikawa Sakkwato. Idan an naɗa sarki ko hakimi, da riga da rawani ake tabbatar masa da sarautar. Shi ma sarki yakan tuɓe riga ya ba malami ko jarumi ko maroƙi, wanda aka ba kuma yakan ba na ƙasa da shi.

Abin lura a nan shi ne, duk rigar da ta sauka a wani gari ta zama allo ga maɗinkan garin. Bafade zai kawo ta a gyara masa wuya, ko attajiri ya aro ta ya ce a yi masa irinta. Sai mai zane ya shimfiɗa ta a tabarma, ya ƙirga askake, ya auna da ɗani da yatsa, ya kwafe. Masu binciken tarihin tufafi, irin su Colleen Kriger, sun nuna irin rawar da maɗinkan Nufe suka taka wajen kyautata aikin rigunan daular, har ya zama rigar Nufe abar alfahari ce a kasuwannin ƙasar Hausa. Ta wannan hanya zane ɗaya ya game ƙasa mai faɗi, ko da yake kowane gari yana da ɗan hannunsa da gwanaye ke ganewa.

Fatauci ma ya taimaka. Baturen nan ɗan ƙasar Jamus, Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya shigo Kano a 1851, ya kuma ƙiyasta cewa tufafin Kano da ake kaiwa Tambutu kaɗai sun kai kayan raƙuma 300 a shekara. Fataken goro kuma sun kai riguna Gwanja, inda Salaga ta zama babbar mahaɗa. Duk zangon da Hausawa suka kafa, da wuya a rasa maɗinki a cikinsa, kuma rigunan da ayari ya kawo su ne ke sanar da shi abin da ake yayi a gida.

Zauren Malam

Hanya ta biyu ta musaya, wadda a ganina ta fi ta farko zurfi, ita ce ta malamai da almajirai. Ɗinki sana'a ce da ta dace da mai neman ilimi. Ba ta bukatar jari mai yawa, allura da zare sukan shiga gafaka, kuma mutum yana iya ɗinki yana sauraron karatu. Hannun da ya saba da alƙalami wajen rubutun allo da zayyana shi ne kuma ya fi iya zana aska da dagi a kan riga. Saboda haka gardi da ya tafi gabas neman karatu yakan dawo da Alƙur'ani a ka, da kuma sabon zanen hula a aljihu.

A zaurukan nan musayar tana da ladubbanta. Maɗinki yakan ba abokinsa zane a takarda, shi kuma ya rama masa da wani. Wani ya ƙware a cin wuya, wani a tambari, sai su yi canjin aiki ba tare da kuɗi ya shiga tsakani ba. Wani kuma ya ɗinka hula ya ba ɗan'uwansa lokacin rabuwa, shi ma ya karɓi tasa, kowa ya tafi da hannun wani garinsu. Wanda ya karɓi zane ya ƙi bayar da nasa kuwa, ba a yi masa faɗa, sai dai ya ga an daina buɗe masa takarda.

David Heathcote, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ya yi shekaru yana bin maɗinka yana tattara irin waɗannan zane-zane na takarda. Shi ne ya shirya baje kolin fasahar Hausawa a Landan a 1976, ya kuma kammala digirinsa na uku a kan aikin tufafin Hausawa a 1979. Abin da ya tarar shi ne maɗinka na adana zane kamar yadda malami ke adana littafi, suna aro, suna kwafa, suna ƙarawa.

Ni ma na ga ƙarshen wannan zamani da idona. Kakana maɗinki ne, yana da wata tsohuwar gafaka cike da takardun zane, wasu da tawada, wasu da fensir. Idan ya zaro ɗaya yakan faɗi garin da ta fito da wanda ya ba shi da abin da shi ya bayar a madadinta. Ina yaro, ban ɗauki wannan a bakin komai ba. Bayan rasuwarsa gafakar ta zauna a ɗakin da ba a shiga, damina biyu ta wuce, da aka buɗe sai aka tarar gara ta gama da ita. Ba wanda ya rubuta sunan ko da zane ɗaya, kuma har da ni a cikin masu laifin.

Ƙawance da Biki a Cikin Gida

A cikin gida mata na da tasu hanyar, wadda ta ginu a kan ƙawance da biki. Baba ta Karo, wadda Mary Smith ta rubuta tarihin rayuwarta daga bakinta a tsakanin 1949 da 1950, aka buga a 1954, ta yi bayanin yadda mace ke ƙulla ƙawance da 'yar'uwarta, su riƙa yi wa juna gudummawa a lokacin aure da suna. A al'adar biki, abin da aka kawo miki sai kin mayar da shi da ƙari idan sha'anin mai kawowa ya tashi.

Da zaren kanti da yadi suka wadata bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, sa'an nan aka buɗe masaƙar Kaduna a 1957, sai aikin allura ya shiga cikin wannan gudummawa. 'Yan mata sukan yi wa ƙawarsu amarya rigar matashi da zanen gado da labule, a yi musu furanni da tsuntsaye da zaren ulu, a haɗa da tuma-ƙasa da aka saƙa da kwarashi. Ranar jere kuwa ɗakin amarya yakan koma wurin kallo. Kowace mace tana duba aikin da ke kan gado, wadda ta ga furen da ya burge ta sai ta aiko yarinya washegari a ba ta aron matashin ta kwafa, kuma ba za ta mayar da shi haka nan ba, sai ta haɗo da nata samfurin. Yaran da ke talla da kai saƙo su ne suka zama gada tsakanin gidajen kulle.

Wannan sabo ne ya share wa mata hanyar shiga aikin da a da na maza ne. Daga shekarun 1970, da kuɗin man fetur ya yawaita, sa'an nan mulkin farar hula na 1979 ya ƙara wa babbar riga farin jini, sai bukata ta fi ƙarfin maɗinka maza. Matan birnin Zariya, waɗanda tuni suka saba da ɗinkin hula, suka karɓi aikin riga. Elisha Renne ta yi bincike mai yawa a kan waɗannan mata, ta nuna yadda suke koya daga junansu a cikin gidaje, da yadda sana'ar ta zama abin dogaro ga iyalai da dama.

Keke, Gudun Hijira da Wayar Hannu

Shigowar keken surfani ya sauya lissafi. Aikin da hannu ke yi a wata uku, keke ya gama shi a kwana biyu, yanzu kuma ga injin da kwamfuta ke sarrafawa. Wanda ke sayen zane a cikin na'ura ba ya bukatar zama a zauren kowa, saboda haka ba ya bin kowa bashin alheri. Duk da haka hula ta ƙi sakin hannu. Har yau zanna bukar da kube da ake ji da su na hannu ne, kuma masu saye sun san bambanci.

Wani abin tausayi da ya faru a zamaninmu ya sake nuna ƙarfin musaya. Da rikicin Boko Haram ya ci garin Bama a 2014, mutanen garin, waɗanda suka shahara da ɗinkin hula, suka watsu zuwa Maiduguri da wasu garuruwa. Da yawa sun fito ba su ɗauko komai ba sai abin da ke kansu da hannunsu. A sansanonin gudun hijira suka ci gaba da ɗinki, suka koya wa maƙwabtan da ba su taɓa riƙe allura ba, hula ta ciyar da marayu. Yau kuma maɗinka na aika wa juna hoton zane ta wayar hannu. Zane yana tafiya da sauri fiye da da, sai dai yana tafiya ba suna, ba a san garin da ya fito ba balle wanda ya ƙirƙiro shi.

Kammalawa

'Yan'uwa marubuta, ga inda zancen ya shafe mu. Mu duba littattafanmu na ƙagaggun labarai, sau nawa muke cewa "ya sa babbar riga ta alfarma" mu wuce? Wace riga? Aska biyu ce ko aska takwas ko malum-malum? Saƙi ce ko barage? Wa ya ba shi, a kan wane dalili? A da, Bahaushe na ganin riga ya san matsayin mai ita da wanda ya yi masa alheri. Marubucin da ya san wannan zai iya bayyana halin tauraron labarinsa da wuyan riga kawai.

Saboda haka ina ba da shawara ga kowane reshe na ƙungiyarmu ya nemi tsofaffin maɗinkan garinsa, maza da mata, tun suna raye. A zauna da su, a rubuta sunan kowane zane da kowane irin ɗinki, a tambayi daga wa suka karɓa, me kuma suka bayar. Abin da reshen Zariya ya samu ya aika wa na Katsina, na Katsina ya rama da nasa, kamar dai yadda maɗinkan suka yi. Masu iya magana sun ce da tsohuwar zuma ake magani, amma sai an adana ta tukuna. Gafakar kakana ta riga ta tafi, akwai sauran gafaku a ɗakunan da ba a shiga, kuma damina ba ta jira.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya sa albarka a sana'o'inmu, amin.