Laulayin ciki: Abin da ke rage tashin zuciya da abin da ya kamata a guje wa

Laulayi shi ne tashin zuciya da amai da ke damun yawancin mata a farkon ɗaukar ciki. Yakan soma wajen mako na 6, ya tsananta kusa da mako na 9, akasari kuma ya lafa kafin mako na 20. Binciken da mujallar Nature ta wallafa a 2023 ya danganta shi da sinadarin GDF15 da mabiyiya ke sakewa cikin jinin uwa.

A ƙa'idojinta na kula da masu juna biyu na 2016, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ambaci citta da bitamin B6 cikin abubuwan da ke kawo sauƙi. Citta ta fi sauƙin samu: ana yanka ɗanyarta a jiƙa a ruwan zafi, ba tare da an cika yawa ba. Cin abinci kaɗan-kaɗan, da ɗan biskit kafin a sauko daga gado, da kurɓar ruwa a kai a kai, su ma suna taimakawa, domin yunwa na ƙara tayar da zuciya.

Farar ƙasar da wasu ke tauna, wadda ake kira nzu a kudu maso gabas, ba magani ba ce. Hukumomin abinci a Birtaniya da Amurka sun gano dalma a cikinta, guba mai cutar da ƙwaƙwalwar ɗan tayi.

Idan mace ta kwana ta wuni ko ruwa ba ya zama a cikinta, ko fitsarinta ya yi duhu, ko jiri na ɗibarta, a hanzarta kai ta asibiti.