BABI NA UKU: TSALLAKA IYAKA DON NEMAN ASALI, ZURIYOYIN ƘASAR GUMEL DA TUSHENSU A JAMHURIYAR NIJAR

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayanin ƙasar Gumel da mutanenta da sana'o'insu. A wannan babi kuwa za a dubi wata matsala da kan fuskanci wanda ya tashi bin salsalar gidansu a Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, wato ƙananan hukumomi huɗu da suka haɗu suka yi masarautar Gumel a Jihar Jigawa. Matsalar ita ce, a gidaje da dama mai bincike ba ya wuce kaka na biyu ko na uku sai a ambata masa wani gari da ke cikin Jamhuriyar Nijar, a ce daga can aka taso. Manufar babin ita ce a nuna cewa tarihin irin waɗannan gidaje ba ya kammaluwa sai an je ƙetare, domin iyakar da Turawa suka shata ta raba hujjojin tarihi gida biyu kamar yadda ta raba dangi.

3.1 Tushen Masarautar Gumel

An kafa masarautar Gumel, wadda ake yi wa laƙabi da Lautai, wajajen shekarar 1750 a ƙarƙashin Ɗan Juma da mabiyansa Mangawa. Su Mangawa wani reshe ne na Barebari, kuma har yau ana samun su da yawa a ƙasar Muniyo, wato yankin Gure a Nijar, da kuma wajen Nguru da Machina a Nijeriya. Masarautar ta bi Barno tana kai mata gaisuwa, kuma ko da aka yi jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a farkon ƙarni na 19, Gumel ba ta shiga ƙarƙashin Daular Sakkwato ba. Wannan ya bambanta ta da maƙwabtanta irin su Haɗeja da Kano da Kazaure.

Abin da ya fi muhimmanci ga wannan nazari shi ne, kafin a zauna a garin Gumel na yanzu, fadar masarautar tana Tumbi ne, arewa da Gumel. A zamanin Sarki Muhammadu Ɗan Tanoma (1828–1851) aka dawo da ita inda take a yau. Tumbi kuwa yanzu tana cikin Nijar. Ke nan hatta gidan sarauta, idan zai ziyarci tsohon mazauninsa, sai ya tsallaka iyaka, balle talaka.

3.2 Dalilan Watsuwar Zuriyoyi Kafin Zuwan Turawa

Dalili na farko shi ne fatauci. Baturen nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, ya sauka a Gumel a 1851 a kan hanyarsa daga Kano zuwa Kukawa, ya kuma bayyana ta a matsayin babbar kasuwar kanwa, inda ake haɗa kanwar Barno da ta Muniyo ana kai ta har ƙasar Nufe. Duk inda ayari ke yada zango kuwa, ba a rasa aure da haihuwa. Saboda haka akan sami falke yana da iyali a Gumel, yana da wani a arewa.

Dalili na biyu shi ne yaƙi. Gumel ta daɗe tana gwabzawa da Haɗeja, har aka kashe Sarkin Gumel Abdullahi a fagen fama a 1872. Daga arewa kuma Damagaram ta yi ƙarfi ƙwarai a zamanin Sarki Tanimu, wanda ya rasu a 1884, da kuma zamanin Ahmadu Kuran Daga, kuma hare-harenta sun addabi ƙasar Gumel har zuwa ƙarshen ƙarnin. Wasu mutane an kama su an tafi da su arewa, wasu kuma sun bar garuruwansu sun yi kudu don tsira da rai. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya bar wani reshe na zuriya a baya.

3.3 Shata Iyaka da Abin da Ya Biyo Baya

Faransawa sun ci Damagaram a 1899, Sarkin Gumel Ahmadu kuma ya miƙa wuya ga Ingilishi a 1903, aka sanya masarautarsa cikin Lardin Kano. Ita kanta iyakar ba a rana ɗaya aka tsayar da ita ba. An fara da yarjejeniyar 1890 wadda ta ja layi daga Say a bakin Kwara zuwa Barruwa a bakin Tafkin Chadi, aka sake gyara ta a 1898 da 1904 da 1906. Daga 1906 zuwa 1908 ne Kyaftin Tilho na Faransa da Manjo O'Shee na Ingila suka bi ƙasa suna kafa turaku 148 tsakanin Kwara da Chadi. Waɗannan turaku su ne suka mayar da ɗan'uwa ɗan wata ƙasa.

Bayan shata iyakar ma ƙaura ba ta tsaya ba, sai dai ta sami sababbin dalilai. Tsananin haraji da aikin tilas da ɗibar soja a ƙasar Faransa sun sa mutane da yawa sun gudo ƙasar Ingilishi, domin ba a soke aikin tilas a ƙasashen da Faransa ke mulka ba sai a 1946. Haka kuma yunwar Kakalaba ta 1913–1914 da farin 1972–1974 da na 1984 sun koro jama'a da dabbobinsu zuwa kudu. Wasu cin rani suka zo, zama ya yi daɗi, suka yi gona suka yi aure. Kasuwar Maigatari da ke ci kowace Alhamis, wadda ta shahara da dabbobin da ake kawowa daga Nijar, ta ci gaba da zama mahaɗar waɗannan dangi.

3.4 Inda Hujjojin Suke

Hujjojin wannan tarihi iri biyu ne, na baka da na rubuce, kuma kowane iri ya kasu tsakanin ƙasashen biyu.

Ta fuskar baka, ya kamata a fara daga gida. Tsofaffin mata sun fi maza riƙe zaren auratayya, domin su ne suka san daga wane gari aka kawo wace amarya. Maroƙa kan adana sunayen kakanni a cikin kirari, wanzamai kuma kan gane asalin gida daga irin askar da ke fuskar tsofaffinsa. Dattijo ba zai faɗi shekara da lamba ba, amma zai ce an zo ne a zamanin Sarki Ahmadu (1896–1915) ko na Muhammadu na Kota (1915–1944), ko kuma bayan wata yunwa. Jerin sarakuna da sunayen yunwa su ne kalandar mai bincike. Idan an tsallaka kuma, ladabi shi ne a fara gaida mai gari, shi zai haɗa baƙo da dattawan da suka dace. Labarin da aka ji a gida sai a riƙe shi a ciki, a bar mutanen can su faɗi nasu tukuna, sannan a gwama. In aka riga aka faɗa musu abin da ake nema, kara za ta sa su gaskata shi ko da ba haka yake ba.

Ta fuskar rubutu, rahotannin da jami'an Ingilishi suka rubuta kan gundumomi da haraji a Lardin Kano suna Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna, ana kuma samun ƙarin bayani a Gidan Arewa da ke Kaduna da Gidan Ɗan Hausa da ke Kano. Na ɓangaren Faransa kuwa suna gidan adana takardu na ƙasar Nijar da ke Yamai, wasu a Dakar, wasu a Aix-en-Provence ta Faransa. Har ila yau, a Yamai akwai cibiyar IRSH ta Jami'ar Abdu Mumuni mai ɗauke da rubuce-rubucen Larabci da Ajami, da cibiyar CELHTO mai tattara tarihin baka. Tafintan tawagar Tilho, wato Landeroin, ya rubuta tarihin masarautun da suka ratsa daga bakin mutanensu. André Salifou ya wallafa littafi kan Damagaram a 1971, William Miles kuma ya wallafa nasa a 1994 kan yadda iyakar ta raba Hausawa, inda ya kwatanta ƙauyen 'Yardaji na ƙasar Daura da Yekuwa na ƙasar Magarya. Sai dai waɗannan ayyuka sun fi ba da labarin sarakuna da garuruwa. Sunan talaka ba kasafai yake fitowa a cikinsu ba, amma suna taimakawa wajen auna abin da aka ji daga baka.

3.5 Matsalolin Binciken

Matsala ta farko ita ce ta harshe da rubutu. Takardun Nijar da Faransanci suke, kuma sunaye kan sauya kama: Tanimu ya zama Tanimoune, Gure ta zama Gouré, Damagaram ta zama Zinder. Wanda bai san wannan ba zai wuce sunan garinsu bai gane shi ba.

Ta biyu ita ce maimaituwar sunaye. Bahaushe kan mayar wa ɗansa sunan mahaifinsa, don haka Muhammadu uku a jere kan narke su zama mutum ɗaya a bakin mai ba da labari, sai in an bi laƙabinsu.

Ta uku ita ce gyaran asali. Gidaje da yawa kan so a ce daga Birnin Gazargamu suka fito kuma jinin sarauta ne, alhali wanda aka kai kakansa arewa ko aka kawo shi kudu ta hanyar bauta yakan yi shiru. Wajibi ne mai bincike ya rufa asirin mutane, amma kada ya rubuta abin da hujja ba ta tabbatar ba.

Ta huɗu, wadda ta fi sauran nauyi, ita ce tsoron a kira mutum baƙo. Sashe na 25 na Tsarin Mulkin 1999 ya danganta zama ɗan ƙasa ta haihuwa da iyaye da kakanni, kuma takardar shaidar asali ta ƙaramar hukuma ita ce mabuɗin makaranta da aikin gwamnati. Jama'a ba su manta da abin da ya sami Alhaji Shugaba Darman ba, shugaban masu rinjaye a Majalisar Jihar Barno, wanda aka kora zuwa Chadi a 1980 bisa zargin ba ɗan Nijeriya ba ne, sai da kotu ta tabbatar masa da haƙƙinsa. Saboda haka wani dattijo kan ƙi ambaton garin kakansa don kada ya jawo wa jikokinsa. Amma tarihi ya nuna cewa wanda kakansa ya taso daga Tumbi zuwa Gumel tare da Ɗan Tanoma bai fita daga ƙasarsa ba, domin a lokacin babu Nijeriya babu Nijar.

Ta biyar ita ce rufe iyaka, kamar yadda aka yi a 1984–1986 da 2019–2020, da kuma daga Agustan 2023 zuwa Maris na 2024 bayan juyin mulkin Nijar. Bugu da ƙari, Nijar ta fice daga ƙungiyar ECOWAS a Janairun 2025, ƙungiyar da yarjejeniyarta ta 1979 ta sauƙaƙa zirga-zirga. Duk shekarar da tafiya ta gagara kuwa, akan rasa wani tsoho da abin da ya sani.

3.6 Naɗewa

A wannan babi an ga cewa tsohuwar fadar Gumel tana cikin Nijar, kuma fatauci da yaƙi da mulkin mallaka da yunwa sun watsa zuriyoyi a ɓangarorin iyaka biyu. An kuma nuna inda hujjoji suke da matsalolin da ke tattare da neman su. Bisa ga haka, ana ba da shawarar cewa masarauta da sassan Hausa da na Tarihi na jami'o'inmu su haɗa kai da takwarorinsu na Damagaram da Yamai wajen ɗaukar muryoyin dattawan ƙauyukan iyaka tun suna raye, domin Hausawa na cewa da zafi-zafi akan bugi ƙarfe. A babi na gaba za a dubi aska da kirari a matsayin hujjojin asali a ƙasar Gumel.