A.I.R. Gallery

A.I.R. Gallery zauren baje kolin zane-zane da sassaƙe-sassaƙe ne a birnin New York na ƙasar Amurka, wanda mata masu fasaha suka kafa, kuma su ke tafiyar da shi da kansu. An buɗe shi a watan Satumba na 1972 a lamba 97, titin Wooster, unguwar SoHo. A lokacin, manyan zaurukan kasuwanci na birnin kusan aikin maza kaɗai suke nunawa, komai gwanintar mace.

Susan Williams da Barbara Zucker ne suka fara kawo shawarar, sai Dotty Attie, Maude Boltz, Mary Grigoriadis da Nancy Spero suka mara musu baya. Sun bi ɗakunan aikin mata suna duba ayyukansu har suka cika ashirin, cikinsu da Howardena Pindell. Da hannunsu suka gyara ginin.

Tsarinsa na haɗin gwiwa ne, ba na neman riba ba. Kowace mamba tana biyan kuɗin ƙungiya, tana ɗaukar nata kason aikin, sannan ta samu lokacin da za ta baje kolinta ita kaɗai. Mambobi ne ke zaɓen sabuwar shiga. Babu dillalin da zai ce wa mamba wannan aikin ba zai sayu ba, kuma wannan ’yancin ne babban amfanin tsarin.

Ana Mendieta, ’yar asalin Kuba, ta shiga a 1978. A 2008 zauren ya koma unguwar Dumbo ta Brooklyn.