Idan injin mota yana tsallake bugu, ko fitila ta kama a tablo

Kai mai karatu, in kana tuƙa ƙaramar motar haya irin Toyota Hiace, ko kuwa kai ne mai ita, ka san cewa da yawa daga cikin waɗanda ke bin hanyar Yamai zuwa Maraɗi da Damagaram, ko ta Ƙonni zuwa Tawa, ba sababbi ba ne. Sun yi shekaru suna aiki a wata ƙasa kafin su iso nan. Tsohuwar mota takan faɗi ciwonta ta hanya biyu: ta yadda injinta ke bugawa, da kuma ta fitilun da ke allon gaban direba, wanda ake kira tablo. Wanda ya iya sauraren inji, ya kuma iya karanta fitilu, ba ya sayen kayan gyara da ka, ba ya kwana a daji da fasinja.

Mine ne tsallake bugu?

Injin irin wannan mota yana da silinda 4. A cikin kowace silinda isansi yana gauraya da iska, fistan ya matse su, sa'annan buji, wanda wasu ke kira fulogi, ya ba da tartsatsi, gaurayen ya kama wuta ya tura fistan ƙasa. Silindodin ba sa bugawa lokaci guda. Suna bin juna: ta 1, ta 3, ta 4, sai ta 2. Idan inji yana juyi 3000 a minti, kowane buji yana ba da wuta sau 25 a daƙiƙa ɗaya.

Idan silinda ɗaya ta kasa ƙona rabonta, shi ne tsallake bugu. Wasu makanikai kan ce mota tana misin. Za ka ji inji yana karkarwa in mota na tsaye, kuma da yake injin Hiace yana ƙarƙashin kujerar gaba, jikinka zai riga kunnenka ji. Mota takan yi fizge-fizge in ka taka totur, ƙarfinta ya ragu a hawa, shan mai ya ƙaru, wani lokaci ka ji warin ɗanyen isansi a bakin salansa.

Abu uku silinda ke bukata: tartsatsi mai ƙarfi, mai da iska daidai gwargwado, da matsi. Duk tsallake bugu daga rashin ɗaya cikin ukun nan yake fitowa. Aikinka shi ne gano wanne ne, kuma a wace silinda.

Launin fitila

Kullum ka murɗa makulli kafin ka tada inji, dubi tablo. Fitilun gargaɗi duk za su kama, sa'annan su mutu bayan inji ya tashi. Wannan gwajin kansu ne suke yi. Fitilar da ba ta kama ba a wannan lokaci, ƙwanta ya ƙone, ko wani ya cire shi. Ka tuna da wannan ranar da za ka sayi tsohuwar mota, domin akwai masu cire ƙwan don su ɓoye lahani.

Jar fitila umurni ce. Mai siffar butar mai tana nufin baƙin mai ba ya zagaya inji da ƙarfin da ya kamata. Ka sauka gefen hanya ka kashe inji nan take, ko da saura kaɗan ka isa tasha. Mintoci kaɗan sun isa inji ya ƙone. Ka auna baƙin mai da sandarsa. In ya ragu ka ƙara. In a cike yake amma fitila ba ta mutu ba, kada ka sake tuƙawa, a jawo motar.

Mai siffar batir tana nufin dinamo ba ya cajin batir. Ka tsaya ka dubi fambel. A injina da yawa fambel ɗin da ke juya dinamo shi ne ke juya famfon ruwa, saboda haka in ya tsinke zafi yana biye. In allurar zafi ta hau ja, ka tsaya, kuma kada ka buɗe marfin radiyata sai inji ya huce sarai. Ruwan ciki yana tafasa, zai iya watso maka a fuska.

Fitila mai ruwan ɗorawa da siffar inji, ita ce ta kwamfutar mota. In ta kama ta tsaya, kwamfuta ta ga wani abu da ba daidai ba, ta kuma ajiye bayaninsa. Kana iya isa gari a hankali, amma ka nemi gareji cikin kwanakin nan. In kuwa tana ƙiftawa, a motocin da aka ƙera daga baya ma'anarta tsallake bugu ya yi tsanani. Ɗanyen isansi yana wucewa zuwa tukunyar tace hayaƙi da ke jikin salansa, yana ƙonewa a can, tukunyar ta yi zafi har cikinta ya narke. Ka rage gudu, ka bar taka totur da ƙarfi, ka tsaya a wuri na farko da za ka sami makanike. Kada ka ajiye motar a kan busasshiyar ciyawa.

Lambar da kwamfuta ke ajiyewa

Motocin da aka sayar a Amurka tun daga 1996, da masu isansi na Turai tun daga 2001, da masu gazuwal na Turai tun daga 2004, suna da wata kafa mai ramuka 16, galibi a ƙarƙashin sitiyari. Nan ake jona na'urar bincike, ta nuna harafi ɗaya da lambobi huɗu. Kai ma kana iya karanta su. P0301 tana nufin silinda ta 1 ce ke tsallake bugu, P0302 ta 2, haka har P0304. Silinda ta 1 ita ce ta gaba, wajen fanka. P0300 tana nufin tsallaken ba a silinda ɗaya yake ba, yana yawo. P0171 tana nufin iska ta yi wa mai yawa.

Tsofaffin Toyota da suka riga wannan tsari suna da tasu dabara. Makanike yakan haɗa ramukan TE1 da E1 na ƙaramin akwatin bincike da guntun waya, fitilar inji ta riƙa ƙiftawa, shi kuma ya ƙidaya. Wadda ke da karbureta kuwa, ba ta da kwamfutar da za a tambaya. Sai kunne da ido da hannu.

A nan ne mutane da yawa ke asarar kuɗi. Lamba tana nuna inda ciwo yake, ba ta faɗin abin da za a saya. P0302 ba ta ce buji ne ko bobin ko enjekta ba. Haka kuma goge lamba da na'ura ba gyara ba ne. Fitila za ta mutu, ta dawo bayan tafiya kaɗan. Ka ce a nuna maka lambar kafin a goge ta, ka rubuta ta a littafinka tare da kwanan wata.

Fara da mai araha

Kafin a kwance komi, ka tambayi kanka: yaushe abin ya fara? In ya fara ne bayan ka sha mai, musamman na kwalba a bakin hanya, mai ne abin zargi na farko. Ka ɗebi kaɗan a farar kwalba mai tsabta, ka ajiye ta minti kaɗan nesa da wuta. Ruwa ya fi isansi nauyi, zai kwanta a ƙasa ka gan shi, haka ma datti. In haka ne, a zubar da man tanki, a canja filtar mai. Ba laifin buji.

In da damina abin ke tashi, ko bayan an wanke inji, ka dubi wayoyin buji da marfin delko. Tsagewa ƙarama ta isa danshi ya janye wuta zuwa jikin inji. Da dare, a cikin duhu, kana iya ganin tartsatsi yana tsalle daga wayar da ta tsage. Kada ka kama ta da hannu inji na aiki, wutar ta kai bolt dubbai. In a hawa ne ko da lodi mota ke fizga, galibi tartsatsi ne ya yi rauni ko mai ba ya isowa. In kuwa sai tana tsaye take karkarwa, ta daidaita in ka taka totur, ka nemi ƙaramin tiyon roba da ya tsage yana shan iska. Sau da yawa za ka ji shi yana huci. Da hunturu kuma ƙura takan toshe filtar iska da wuri. Ka ciro ta ka ɗaga wajen rana. In haske ba ya ratsa ta, ta gama aiki.

Sai buji. Ka bari inji ya huce, ka kwance su ɗaya bayan ɗaya, ka jera su bisa lambar silinda, kada su cuɗanya. Bakin buji mai lafiya launin ƙasa-ƙasa ne mai haske. Baƙi busasshe kamar kunkunniya yana nuna mai ya yi yawa ko wuta ta yi rauni. Baƙi mai maiƙo yana nuna baƙin mai yana shiga silinda. Fari fat yana nuna zafi ko ƙarancin mai. Buji ɗaya da ya fita dabam da ƴan uwansa, shi ne ya nuna maka silindar da ke da ciwo. Wanda ya fito tas kamar an wanke shi alhali sauran suna da launi, ka yi hattara da shi, domin ruwan radiyata yana iya zama yana shiga wurin.

Ga wani gwaji da ba ya cin ko dala. A motar da kowane buji ke da bobin nasa, in lamba ta nuna silinda ta 2, a ɗauke bobin ɗinta a kai ta 3, na 3 a kawo shi ta 2. A goge lamba, a yi ƴar tafiya, a sake karantawa. In ta koma P0303, bobin ne, ciwo ya bi shi. In tana nan P0302, bobin ba shi da laifi, sai a yi wa buji irin wannan musanya, daga baya enjekta. Makaniken da ya yarda ya yi wannan kafin ya aike ka kasuwa, ka riƙe shi.

In wuta da mai duk lafiya suke, saura matsi. Ana auna shi da agogon da ake ɗaurawa a ramin buji. Silindodin huɗu ya kamata su ba da awo kusa da juna. Wadda ta faɗi ƙasa sosai, bawul ɗinta ya ƙone ko zoben fistan ya cinye. In biyu maƙwabta suka faɗi tare, galibi gasket ɗin kan inji ne ya ƙone tsakaninsu. Sauran alamunsa su ne ruwan radiyata yana raguwa ba tare da ka ga yoyo ba, farin hayaƙi mai kauri da ba ya ɗaukewa, da baƙin mai da ya koma kamar shayi da madara. Wannan babban gyara ne, shi ya sa ba a yarda a buɗe kan inji sai an auna.

In motarka mai gazuwal ce

Injin gazuwal ba shi da buji mai tartsatsi. Matsi ne kaɗai ke kunna mai. Abin da yake da shi bujin ɗumama silinda ne, wanda fitilarsa ke da siffar murɗaɗɗiyar waya. Ka jira ta mutu kafin ka tada inji. In ɗaya ya lalace, mota takan yi wuyar tashi da sanyin safiya, ta yi karkarwa da farin hayaƙi, sa'annan ta daidaita in ta ɗumama. Karkarwar da ba ta barin mota bayan ta yi zafi, ka neme ta wajen iska da ta shiga hanyar mai, ko filta da ta toshe, ko enjekta.

Akwai kuma fitilar da ke nuna ruwa ya taru a gindin filtar gazuwal. In ta kama, ka kashe inji, ka sassauta marfin da ke ƙasan filta, ka danna ƙaramin famfon hannu da ke samanta har ruwa ya ƙare, gazuwal zalla ya fara fita. Ka ɗaure marfin da hannu, ka ci gaba da danna famfon har ya yi tauri, sa'annan ka tada inji ka dubi ko fitilar ta mutu.